Ɗinki na Kowa, Suna na Mai Shi: Tarihin Gogayya a Sana'ar Jaket Ɗin Fata

A shekarar 1913 wasu 'yan'uwa biyu, Irving da Jack Schott, 'ya'yan wasu baƙi da suka yi ƙaura daga Rasha, suka buɗe wurin ɗinki a birnin New York na ƙasar Amurka. Da rigunan ruwa suka fara. Kamfanin nasu yana kafa tarihinsa ne a kan shekarar 1928, lokacin da ya ce Irving ya fito da jaket ɗin fata na mahaya babur mai zif, ya raɗa masa suna Perfecto, wato sunan tabar da ya fi son sha, aka kuma riƙa sayar da shi a kan dala 5.50 a shagon wani dillalin baburan Harley-Davidson.

Siffar da ta shahara da wannan suna ba ado ba ce tun asali, kowane ɓangare yana da aikinsa. An karkatar da zif ɗin gaba domin fata ta hau kan fata a ƙirji, iska ta rasa kafar shiga. An gajarta rigar domin kada ta tattare idan mahayi ya sunkuya a kan babur. An sa maɓallai masu kama kwala don kada ta riƙa marin fuska idan ana gudu, sannan aka yi mata ɗamara a ƙugu. Wannan amfani shi ne ya jawo wa rigar farin jini, shi ne kuma ya hana ta zama mallakar mutum ɗaya.

Dalili kuwa yana cikin dokar Amurka. A can, sutura tana cikin jerin kayan amfani, kuma dokar haƙƙin mallaka ba ta kare yanka da siffar irin waɗannan kaya. A 1929 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da koken kamfanin siliki na Cheney Brothers a kan wani abokin hamayya da ya kwaikwayi zanensa. Masu ɗinka tufafin mata sun nemi wata hanyar: suka kafa ƙungiya a 1932, suka daina sayar wa duk kantin da ke ajiye kayan kwaikwayo. A 1941 Kotun Ƙoli ta ce wannan ƙauracewa ta saɓa wa dokar gasar kasuwanci. Abin da ya rage a hannun mai sana'a shi ne sunansa da tambarinsa, domin su doka ke tsare masa.

Saboda haka, zuwa ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950 kasuwa ta cika da riguna masu kama da juna kamar tagwaye. Buco na birnin Detroit yana da tasa, Harley-Davidson na da Cycle Champ, kantunan Sears na sayar da tasu, Ross Langlitz kuma ya buɗe shagonsa a Portland a 1947. Wane ne ya ɗauka daga wane? Kowa ya ɗauka daga kowa, ya sauya wurin aljihu ko faɗin kwala, ya manna sunansa.

Sai ga fim ɗin The Wild One a 1953, inda Marlon Brando ya fito a matsayin jagoran wasu tantiran mahaya babur, sanye da baƙin jaket. Suna ya zo, amma da ƙaya a jikinsa. Wasu makarantu a Amurka sun hana ɗalibai sanya rigar, hukumar tace finafinai ta Birtaniya kuma ta hana nuna fim ɗin har tsawon shekara 14. Abin da ake gani abin kunya a lokacin shi ne ya zama jari daga baya. Shekaru da dama ana danganta rigar Brando da Schott, alhali wasu masu tara tsofaffin riguna sun dage cewa ɗinkin wani kamfani ne mai suna Durable. Gardamar tana da daɗin ji, domin ita kanta shaida ce: da a ce rigunan ba su yi kama da juna haka ba, da kallo ɗaya ya raba ta. Durable ya shuɗe, Schott yana nan, kuma wanda ya rayu shi ke ba da labari.

A Ingila ma an bi sawu. Kamfanin D. Lewis na birnin Landan, wanda ya daɗe yana yi wa matuƙa jirgin sama kaya, ya fito da samfurin Bronx a 1956 domin matasan da ke sha'awar salon Amurka. Sunan kansa na wata unguwa ce a New York, ba a ma ɓoye tushen ba. A yau Lewis Leathers suna ne mai daraja, wasu ke kwaikwayonsa.

Inda lamarin ya fi ɗaukar hankali shi ne tarihin rigar soja da ake kira A-2. Rundunar sojan saman Amurka ta amince da ita a 1931. Zanen na gwamnati ne, mai lamba 30-1415, kuma ta raba kwangilar ɗinkin ga kamfanoni da yawa, irin su Rough Wear da Dubow da Werber da Aero Leather na garin Beacon. A nan kwaikwayo ba laifi ba ne, umarni ne: fatar doki ko ta akuya, launin ƙasa, aljihu biyu a gaba, saƙaƙƙen bakin hannu da na ƙugu. Duk da haka hannun kowane tela daban. Wani kwalarsa ta fi tsini, wani fatarsa ta fi ja, wani kuma ɗinkinsa ya ɗan karkace saboda gaggawar yaƙi. A 1943 aka dakatar da sababbin kwangiloli, aka koma ga rigunan yadi.

Bayan kimanin shekara 40, da tsofaffin rigunan suka yi wuya suka kuma yi tsada, sai wata sabuwar sana'a ta kunno kai, wato sana'ar sake ɗinka su kamar yadda suke. Eastman Leather ya fara a Ingila a 1984. A Sukotland wani kamfani ya ɗauki sunan Aero, ko da yake ba shi ne na Beacon ba. A Japan kuwa, The Real McCoy's da Buzz Rickson's sun kai abin maƙura. Ana warware tsohuwar riga a ƙirga ɗinkin da ke cikin kowane inci, a nemo irin jimar da aka yi wa fatar, a farauto tsohon zif na Talon ko Crown, ko a sa a ƙera sabo mai kamarsa. Har lambar kwangila ake sake saƙawa a jikin ƙyallen wuya, har kuskuren telan 1942 ake maimaitawa da gangan.

Ma'auni ya juye ke nan. A da ana yabon wanda ya ƙirƙira, yanzu ana yabon wanda ya fi iya kwaikwayo, kuma farashin irin wannan riga kan haura dala 1,000. Gogayyar ma ta sauya kama. Waɗannan kamfanoni ba su da bakin cewa an sace musu zane, tun da zanen ba nasu ba ne. Abin da suke zargin juna da shi shi ne kwafar kwafi: wani ya sayi rigar abokin hamayya ya fitar da ma'auninta, maimakon ya sha wahalar neman ta asali. Masu saye da suka ƙware sukan gane hakan, domin kuskuren mai kwafin farko yakan bayyana a rigar na biyu.

Sunayen da suka mutu ma ba su tsira ba. Buco ya daɗe da daina ɗinki a Detroit, amma har yanzu ana fitar da sababbin riguna da sunansa, daga Japan, a hannun The Real McCoy's. Mai saye ya san ba a Detroit aka ɗinka ta ba, ya san shekarar da aka yi ta, kuma da saninsa yake biyan kuɗin.