Takardun Alƙali Samuel Sewall

Samuel Sewall, alƙali a Boston tun Amurka na hannun Ingila, ya riƙa rubuta abin da ke faruwa a garinsu daga 1674 zuwa 1729. Yana cikin alƙalan shari'ar maita ta Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19, har da wani fasto, George Burroughs. Bai yi dogon bayani kan shari'ar ba, amma ya kwafe takardar tubansa cikin littafin. A Janairun 1697 ya miƙe tsaye a majami'a, Fasto Samuel Willard na karanta ta, yana ɗaukar laifin da kunyar a kansa. Cikin alƙalan nan shi kaɗai ya tuba a gaban jama'a. Ƙungiyar tarihin Massachusetts ta fara buga littafin a 1878.