Zaure da Mai Gida: Makwancin Marasa Muhalli a Gyallesu

Matakan da suka fi fice a jihar Kaduna game da masu kwana a titi, tun daga 2015, na kawar da su ne daga idon jama'a. A ranar 7 ga Yulin 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Garin Zariya, ya hallaka mutum fiye da 20, kuma ba a yi nisa ba gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta haramta bara da talla a kan tituna. A 2020, da annobar korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Kowane mataki yana da hujjarsa ta tsaro ko ta lafiya, amma babu wanda ya amsa tambayar da ta fi damun wanda aka tasa: ina zan kwana, kuma wa zai tsaya mini? Abin da wannan maƙala take da'awa shi ne, ƙasar Zazzau ta daɗe da amsar wannan tambaya, kuma amsar tana zubewa ne a unguwanni irin su Gyallesu ta Zariya ba tare da an kafa madadinta ba.

A tsarin gidan Bahaushe, zaure na mai gida ne, amma rabinsa na jama'a ne. Nan ake saukar baƙo, nan malam yake karantarwa, nan almajiri da matafiyin da dare ya riska suke shimfiɗa tabarma. Abin lura shi ne ba rufin kwano ko na azara kaɗai baƙon yake samu ba. Yana samun suna, a ce da shi baƙon Malam wane. Idan ya yi rashin lafiya, daga cikin gida za a aiko da kunu. Idan aka yi sata a unguwa, mai gidansa ne zai je gaban mai unguwa ya ce ya san shi. Idan ya nemi aikin dako ko lebura, da bakin mai gidan za a ɗauke shi. Abner Cohen ya nuna irin wannan a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda masu gidaje suke ba fatake masauki kuma su lamunce su a ciniki. Naƙasassu ma suna da nasu tsarin, ƙarƙashin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu karɓar sabon zuwa su nema masa wurin zama. Tushen abin a addini sananne ne: Ahlus Suffa sun zauna a jikin masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, cikinsu har da Abu Huraira, kuma matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da ake ba zakka.

Gyallesu tana nuna yadda wannan tsari yake karyewa, domin unguwa ce da ke maƙwabtaka da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da babbar makarantar horar da malamai ta tarayya. Inda ɗalibai suke da yawa, kowane taƙi na gida kuɗi ne. Magidancin da albashi ko sana'a ba ta isarsa zai dubi zaurensa ya ga shagon cajin waya, ko ɗakin haya da za a biya kuɗin shekara a dunƙule. Ba za a zarge shi ba, yana da bakunan ciyarwa. Sabon gini kuma da get ɗin ƙarfe yake zuwa, babu zaure sam. Masallatai da yawa ana kulle su bayan isha'i saboda tsoron ɓarayi da baƙuwar fuska. Ita kanta unguwar ta ga tashin hankali a Disambar 2015, lokacin da sojoji suka yi wa gidan Shaikh Ibrahim Zakzaky ƙawanya aka rasa rayuka masu yawa, kuma unguwar da ta ga irin wannan ba ta saurin buɗe ƙofa ga wanda ba ta sani ba. Sakamakon yana bayyana da sanyin hunturu: ɗan ci-rani a ƙarƙashin teburin mai shayi ya lulluɓa da buhu, gardi a barandar shago yana jiran a kashe janareto ya shimfiɗa kwali. Ga kuma waɗanda ɓarayin daji suka koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, da iyalansu.

Masu tsara manufa sukan amsa da gina cibiya a bayan gari. Tarihi bai goyi bayansu ba. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun almajirai fiye da 150, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, kuma da yawansu sun lalace bayan an miƙa wa jihohi. Wanda abincinsa yake kasuwa da tasha, in an kai shi nesa da su, da ƙafarsa zai dawo. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci samar wa 'yan ƙasa muhalli mai dacewa, sai dai yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansa.

Abin mamaki, hanyar da ta yi nasara a waje ta fi kama da zaure fiye da cibiya. A 1992 Sam Tsemberis ya fara wani shiri a birnin New York na ba mai kwana a titi ɗakinsa tun farko, ba tare da sharaɗin sai ya bar shaye-shaye ko ya warke ba, sannan a haɗa shi da ma'aikacin da zai riƙa bibiyarsa. Finland ta mayar da shi manufar ƙasa a 2008, kuma marasa muhalli a can sun ragu daga kusan 18,000 a 1987 zuwa ƙasa da 4,000 a farkon shekarun 2020. Ba mu da baitulmalin Finland, amma ginshiƙan biyu namu ne tun asali: ɗaki a cikin mutane, da mutumin da ya ɗauki nauyin sanin halinka.

Dole a faɗi aibin tsohon tsarin, don kada a yi masa ado. Zaure na maza ne. Matar da aka saka cikin dare, ko mai taɓin hankali da dangi suka gaji da ita, ba ta da gurbi a cikinsa, kuma su ne suka fi shiga haɗari idan suka kwana a waje. Sarautun naƙasassu sun tsare mutuncin mabiyansu, amma sun ɗaure rayuwarsu da bara. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa ba masauki yake buƙata ba, iyayensa yake buƙata, kuma bai kamata a cakuɗa matsalarsa da ta babba ba.

Abin da zai yiwu a Gyallesu ƙarami ne, kuma wannan ne ƙarfinsa. Kwamitin masallacin Juma'a, da hannun mai unguwa, zai iya kama haya ɗakuna kaɗan a gidaje daban-daban da kuɗin zakka da wakafi, yadda magidanci zai sami kuɗin hayar da ya sa shi rufe zaure tun farko. A ware na mata a gidan da akwai dattijuwa. Kowane mazauni a rubuta sunansa da na wanda ya tsaya masa, wannan ya amsa kokwanton tsaro. Ma'aikacin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ya riƙa zagayawa, mai buƙatar likitan ƙwaƙwalwa a kai shi asibitin koyarwa na Shika. Sakkwato da Zamfara sun riga sun kafa hukumomin zakka da wakafi, saboda haka akwai inda za a koyi riƙon lissafi. Rabon gwamnatin jiha shi ne ta biya albashin mai zagayawar, ta kuma sa dokar cewa ba za a tashi kowa daga titi ko a rushe masa gida ba sai an tanadi ɗakin da zai koma.