Amy Carmichael da 'Ya'yan Dohnavur

Sa'ad da Amy Carmichael ta sauka a Indiya a 1895, ba renon yara ne ya kai ta ba. 'Yar arewacin Ailan ce, an haife ta a 1867, kuma ƙungiyar mishan ta Anglikan mai aiki tsakanin matan kulle ce ta karɓe ta. Ta koyi harshen Tamil, ta haɗa kai da waɗansu matan Indiya masu bi, suna bin ƙauyukan yankin Tirunelveli a kudancin ƙasar da keken shanu suna wa'azi.

A watan Maris na 1901 aka kawo mata wata yarinya 'yar shekara bakwai mai suna Preena, wadda ta gudo daga hannun matan wani haikalin Hindu. A wancan zamani akwai al'adar da ake kira devadasi: a keɓe yarinya ga allahn haikali kamar an aurar masa da ita, a koya mata rawa da waƙa, yawancinsu kuwa ƙarshensu a hannun mazan da ke da kuɗi. Talauci ne ya fi kai iyaye ga haka, musamman gwauraye, wani lokaci kuma wa'adin da aka ɗauka a kan ciwo. Preena ta taɓa gudu, aka mayar da ita, aka ƙona mata hannuwa da ƙarfe mai zafi. Amy ta ƙi sakin ta.

Daga nan aka yi ta kawo yara, har da jarirai, sai yawon wa'azi ya gagara. Nan ne abin da ya kamata ma'aikacin ikilisiya ya tsaya ya duba. Amy da kanta ta yi fama da tambayar ko daidai ne mai wa'azi ta bar shelar bishara ta koma wankin tsumma da dama koko. Waɗansu 'yan mishan sun ga ɓata lokaci take yi. Ita kuwa ta tuna da Yesu da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa a Yohanna 13, ta zauna a ƙauyen Dohnavur. Zuwa 1913 'yan mata kimanin 130 ne a hannunta, a 1918 kuma aka fara karɓar yara maza.

Ba ta yarda a kira wurin gidan marayu ba. Iyali ne. An raba yaran cikin ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki da mace Ba'indiya da ake kira yaya, ita Amy kuma suna ce mata Amma, wato uwa. Tufafin Indiya take sawa. Littattafan Turawa sukan ba Amy dukan yabo, amma nauyin yau da kullum matan Indiya ne suka ɗauka, irin su Ponnammal, gwauruwar da ta riƙe sashen jarirai kafin ciwon daji ya ɗauke ta a 1915. A ganina wannan shi ya sa aikin bai mutu da mai kafa shi ba.

Kada mu mai da ita mala'ika. Mace ce mai tsauri, ba ta cika jure ra'ayin da ya saɓa wa nata ba. Stephen Neill, wanda daga baya ya zama bishop kuma masanin tarihin mishan, ya zo Dohnavur a 1924, bai daɗe ba suka rabu baram-baram. An kuma zargi gidan da killace yara nesa da jama'arsu, har ma da ikilisiyoyin da ke kewaye, ta yadda komawa cikin gari ya yi wa waɗansu wuya. Duk fasto da ke shirin buɗe gidan yara ya auna wannan zargi da kyau, gama katangar da ke kare yaro ita ce kuma ke raba shi da danginsa.

Haka kuma ba Amy ce ta kawar da al'adar ba. Ta ceci yara ɗaya bayan ɗaya, ta tona abin a rubuce-rubucenta, amma yaƙin doka 'yan Indiya ne suka yi shi, yawancinsu 'yan Hindu. Likita Muthulakshmi Reddy, wadda mahaifiyarta ta fito daga gidan devadasi, ita ta kai maganar majalisar Madras, aka kafa dokar hani a 1947.

A 1931 Amy ta faɗa cikin rami ta ji mummunan rauni, ta yi kusan shekara 20 yawanci a kwance, tana rubutu tana ja-gorar gidan daga ɗakinta. Ta rasu a Janairu 1951, bayan shekara 55 a Indiya ba ta koma gida hutu ko sau ɗaya ba. Ta roƙa kada a kafa mata dutsen kabari, sai yaran suka ajiye kwanon wankan tsuntsaye a wurin, da kalmar Amma a jikinsa. Har yau gidan yana karɓar yara, 'yan Indiya ne kuma ke shugabancinsa.