Bayani kan hukumar da ta gina wa mutanen Singafo gidaje

Kusan kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙasar Singafo da masu izinin zama na dindindin suna zaune ne a gidajen da hukuma guda ɗaya ta gina, wato Hukumar Gidaje da Raya Ƙasa, wadda aka fi sani da HDB.

Daga kafa ta a shekarar 1960 zuwa yanzu, hukumar ta gina gidaje fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu a cikin dogayen benaye, kuma kimanin tara daga cikin kowane iyalai goma da ke ciki su suka mallaki gidajen nasu.

Sai dai kuma nasarar ta zo da nata ƙalubalen. Gidan da aka gina domin talaka ya samu wurin kwana ya zama babbar kadarar iyali, kuma a yanzu hukumar tana ƙoƙarin gamsar da ɓangarori biyu: matasa masu son farashi ya sauka, da kuma iyayensu masu son darajar gidajensu ta ci gaba da hawa.

Yadda aka faro

Singafo dai ƙaramin tsibiri ne da ke kudu da Malesiya, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 750 ba, yake kuma ɗauke da mutane kimanin miliyan shida.

A lokacin da ta samu 'yancin gudanar da harkokinta na cikin gida daga Burtaniya a shekarar 1959, jama'a da dama suna cunkushe ne a ɗakunan haya na saman shaguna a tsakiyar birni, ko kuma a bukkokin katako da kwano a bayan gari, inda babu ruwan famfo, babu magudanai.

Hukumar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a shekarar 1927 ta gina gidaje kimanin 23,000 ne kacal cikin shekaru 32.

Gwamnatin Firayim Minista Lee Kuan Yew ta rushe wannan hukuma, ta kafa HDB a ranar 1 ga watan Fabrairun 1960, ta kuma naɗa wani ɗan kasuwa mai suna Lim Kim San ya shugabance ta.

Ba a daɗe ba aka jarraba sabuwar hukumar. A ranar 25 ga watan Mayun 1961 gobara ta tashi a unguwar Bukit Ho Swee, inda mutane huɗu suka rasa rayukansu, wasu kimanin 16,000 kuma suka rasa muhallinsu.

Gwamnati ta yi alƙawarin sake tsugunar da su cikin watanni tara, kuma a cikin wannan wa'adi aka kammala rukunin farko na benaye a filin da wutar ta cinye. Masana tarihin ƙasar suna ganin cewa wannan ne ya sa jama'a suka fara amincewa da zama a bene, abin da da yawansu suke ƙyama a da.

Cikin ƙasa da shekaru uku hukumar ta gina gidaje 21,000, kuma zuwa shekarar 1965, wadda a cikinta Singafo ta rabu da Malesiya, adadin ya haura 50,000.

Gidajen farko ƙanana ne, masu ɗaki ɗaya zuwa uku, an kuma yi su ne domin haya.

Fili da kuɗi

Matakai uku ne suka sauya al'amarin daga haya zuwa mallaka.

Na farko shi ne shirin mallakar gida da aka ɓullo da shi a shekarar 1964, wanda ya bai wa masu ƙaramin ƙarfi damar sayen gida daga hukumar. Lee Kuan Yew ya sha bayyana cewa mutumin da ya mallaki gida zai fi damuwa da zaman lafiyar ƙasarsa, zai kuma fi jin cewa yana da abin da zai kare.

Na biyu shi ne dokar karɓar filaye ta shekarar 1966, wadda ta bai wa gwamnati ikon karɓar fili daga hannun mai shi domin amfanin jama'a. Shekaru da dama diyyar da ake biya ba ta kai farashin kasuwa ba, sai a shekarar 2007 aka gyara dokar.

Ta wannan hanya, tare da cike gaɓar teku da yashi, filayen da ke hannun gwamnati suka tashi daga ƙasa da rabin ƙasar a shekarar 1960 zuwa kimanin kashi 90 cikin ɗari. Masu filaye da manoma da dama sun yi asara, an kuma tashi ƙauyuka masu yawa.

Na uku kuma ya zo ne a shekarar 1968, lokacin da aka amince wa ma'aikata su yi amfani da kuɗinsu da ke cikin asusun tanadi na dole, wato CPF, wajen biyan kuɗin gida.

A wannan asusu, ma'aikacin da bai haura shekara 55 ba yana zuba kashi 20 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 17. Iyalai da yawa suna biyan bashin gidansu na wata-wata daga nan, ba tare da sun taɓa kuɗin cefane ba.

Ba a jima ba aka ga tasirin haka. A shekarar 1960 kashi tara cikin ɗari ne kawai na jama'a suke zaune a gidajen gwamnati. A shekarar 1970 sun kai kimanin kashi ɗaya cikin uku, a shekarar 1980 kimanin kashi biyu cikin uku, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma sun haura kashi 80 cikin ɗari.

Gina garuruwa

Hukumar tana gina gari ne sukutum, da makarantu da kasuwanni da rumfunan sayar da abinci da asibitocin sha-ka-tafi da tashoshin mota.

Toa Payoh, wanda aka fara ginawa a tsakiyar shekarun 1960, shi ne gari na farko da hukumar ta tsara da kanta tun daga tushe. Daga baya aka yi irinsu Ang Mo Kio da Bedok da Tampines da Punggol. Na baya-bayan nan shi ne Tengah da ke yammacin tsibirin, wanda shi ne na 24.

Akan raba kowane gari zuwa unguwanni, kowace unguwa kuma zuwa ƙananan rukunai na 'yan benaye da ke kewaye da fili ɗaya, domin maƙwabta su san juna.

Tun daga shekarun 1970 ake barin ƙasan bene a buɗe, tamkar zaure na kowa da kowa. A nan Musulmi 'yan ƙabilar Malay sukan yi bikin aure, a nan kuma 'yan asalin Sin sukan yi zaman makoki.

An kuma tanadi filayen wuraren ibada. A shekarar 1975 aka kafa wani asusu da ma'aikata Musulmi suke zuba wani abu daga albashinsu, kuma da kuɗinsa aka gina Masallacin Muhajirin a Toa Payoh, wanda aka buɗe a shekarar 1977, sa'annan wasu masallatan suka biyo baya a sauran garuruwa.

Batun ƙabilanci

Singafo ta fuskanci rikicin ƙabilanci tsakanin 'yan asalin Sin da 'yan Malay a shekarar 1964, abin da ya sa hukumomi suka riƙa cakuɗa ƙabilu a lokacin rabon gidaje.

Da aka lura cewa masu sayen gidajen hannu sun fara komawa unguwannin 'yan uwansu, sai gwamnati ta kafa doka a shekarar 1989 wadda ta ƙayyade kason kowace ƙabila. A bene ɗaya, 'yan asalin Sin ba za su wuce kashi 87 cikin ɗari ba, 'yan Malay kashi 25, Indiyawa da sauran ƙabilu kuma kashi 15.

Idan kason wata ƙabila ya cika, ba za a sayar wa ɗan wannan ƙabila gida daga hannun ɗan wata ƙabilar ba.

Gwamnati ta ce dokar ce ta hana samuwar unguwannin wariya. Masu sukarta kuwa suna cewa tana cutar da tsiraru, domin wani lokaci mai gida ba shi da ikon sayarwa sai ga ɗan ƙabilarsa, abin da kan tilasta masa rage farashi.

An kuma zargi jam'iyyar PAP mai mulki da amfani da gidajen wajen siyasa, musamman a zaɓen shekarar 1997, lokacin da ta fito fili ta ce mazaɓun da suka zaɓe ta su za a fara yi wa gyaran benaye.

Akwai kuma waɗanda tsarin bai shafa ba. Dubban ɗaruruwan baƙin ma'aikata, ciki har da magina, suna kwana ne a manyan ɗakunan kwana na haɗaka, inda cutar korona ta fi yaɗuwa a shekarar 2020.

Hawa da saukar kasuwa

Bayan rikicin tattalin arzikin ƙasashen Asiya na shekarar 1997, hukumar ta wayi gari da dubban gidajen da babu masu saye.

Saboda haka a shekarar 2001 ta sauya salo. A yanzu sai an tallata aiki, jama'a sun nema, an yi ƙuri'a, sa'annan a fara gini, kuma mai saye yakan jira shekaru uku zuwa biyar kafin a ba shi makulli.

Ma'aurata ake fifitawa, kuma akwai tallafi na musamman ga waɗanda suka zaɓi zama kusa da iyayensu. Wanda bai yi aure ba sai ya kai shekara 35 kafin ya sayi gida shi kaɗai.

Annobar korona ta kawo tsaiko ga ayyukan gini, lamarin da ya tura mutane kasuwar gidajen hannu, farashi kuma ya tashi. A shekarar 2012 aka fara sayar da gidan HDB a kan dalar Singafo miliyan ɗaya. A shekarar 2024 kaɗai an sayar da irinsu fiye da dubu ɗaya.

Gwamnati ta mayar da martani da alƙawarin tallata sabbin gidaje har 100,000 tsakanin 2021 da 2025. Daga watan Oktoban 2024 kuma, wanda ya sayi sabon gida a unguwar da ake rububi sai ya zauna a ciki shekara goma kafin ya sayar, maimakon biyar, zai kuma mayar wa hukumar wani kaso na kuɗin.

Rahotannin shekara-shekara na hukumar suna nuna abin da rangwamen yake ci. Ta samu giɓin fiye da dalar Singafo biliyan biyar a shekarar kuɗi ta 2022, da kusan biliyan bakwai a ta 2023, kuma baitulmalin gwamnati ne yake cike giɓin.

Wa'adin shekara 99

Babbar tambayar da ke gaban hukumar ta shafi wa'adi. Wanda ya sayi gidan HDB ya mallake shi ne na shekara 99, bayan haka gidan zai koma hannun hukumar, filin kuma hannun gwamnati.

Mutane da dama sun ɗauka cewa kafin lokacin za a rushe tsohon benen a ba su sabo, kamar yadda ake yi a ƙarƙashin wani shiri da aka fara a shekarar 1995.

Amma a shekarar 2017, Lawrence Wong, wanda a lokacin shi ne ministan raya ƙasa, kafin ya zama firayim minista a shekarar 2024, ya gargaɗi masu sayen tsofaffin gidaje da tsada cewa ƙalilan ne za su ci gajiyar wannan shiri. Gwamnati ta ƙiyasta cewa ba su wuce kimanin kashi biyar cikin ɗari ba.

A shekarar 2018 Firayim Minista Lee Hsien Loong ya sanar da wani sabon shiri, wanda zai bai wa mazauna benen da ya kai kimanin shekara 70 damar kaɗa ƙuri'a kan ko gwamnati ta saye shi kafin wa'adi ya cika, ko da yake diyyar ba za ta kai ta shirin farko ba.

Gidajen da aka sayar a shekarun 1960 da 1970 sun riga sun cinye kusan rabin wa'adinsu ko fiye, kuma da yawa daga cikin masu su tsofaffi ne da suka zuba mafi yawan tanadinsu na ritaya a ciki.