Ƙarancin Sinadarin Tairod da Illarsa ga Jijiyoyi da Tsoka

Mun shirya wannan bayani domin al'ummar ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun, musamman manoman rani na yankin madatsar ruwa ta Bakolori, waɗanda abincinsu ya dogara ga ƙarfin hannu da ƙafa.

Ma'anar cutar

Tairod wata 'yar gaɓa ce a gaban wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo. Ita ke samar da sinadarin tairoksin da ke daidaita aikin gaɓoɓin jiki, kuma ba ta iya samar da shi sai da aidin. Baligi yana bukatar maikirogiram 150 na aidin a kullum, mai juna biyu kuma 250. Ƙarancin aidin, ko aikin tiyata a wuya, ko garkuwar jiki ta juya ta yaƙi tairod, duk suna rage wannan sinadari. Cutar ta fi kama mata.

Yadda take taɓa jijiyoyi

Tsoka ba ta motsi sai jijiya ta kawo mata saƙo daga laka. Idan tairoksin ya yi ƙaranci, wani abu mai yauƙi yana taruwa a cikin nama ya riƙe ruwa, har ya matse jijiyar da ta ratsa wuyan hannu. Daga nan babban yatsa da manuniya da na tsakiya sukan mutu, galibi da dare. Idan aka daɗe ba magani, naman gindin babban yatsa yakan zube, riƙon lauje ko taɓarya ya gagara.

Haka kuma saƙon jijiya yana rage sauri, tsoka ta riƙa jinkirin saki bayan ta ɗaure. Cinya da kafaɗa sukan yi rauni, tashi daga tsugune ya zama wahala. Sauran alamu sun haɗa da kasala, jin sanyi, bushewar fata da ƙarin nauyi.

Abin da ya kamata a yi

Muna kira ga jama'a da kada su ɗauki waɗannan alamu a matsayin sammu ko tsufa. A je babban asibiti mafi kusa a nemi gwajin jini na TSH. Idan babu, a nemi takardar tura mara lafiya zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Maganin shi ne ƙwayar levothyroxine, ana sha da safe kafin karin kumallo, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Yawancin masu cutar suna shan sa har tsawon rayuwa, kuma ƙarfin jiki kan dawo a hankali.

Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin abinci. Muna roƙon hakimai, dagatai da jami'an lafiya su faɗakar da magidanta su sayi gishiri mai aidin, su adana shi a rufe nesa da rana da danshi, su kuma bar gishirin dabbobi ga dabbobi.