Daga Hikori Zuwa Ƙarfe: Yadda Gyaran Sandar Golf Ya Sauya

A ƙarni na 19, ɗan wasan golf a Sikotlan ba ya rabuwa da aikin hannu. Ƙotar sandarsa ta itacen hikori ce, wanda ake kawowa daga Amurka. Danshi kan lanƙwasar da ita, bugu kuma ya tsaga ta. Dole mai ita ya riƙa shafa mata mai, ya naɗe tsagar da zare, ya sabunta fatar mariƙin. Abin da ya gagare shi sai ya kai wa masana irin su Tom Morris na garin St Andrews.

Ƙotar ƙarfe ce ta sauya lamarin. Hukumar golf ta Amurka ta halatta ta a 1924, ta St Andrews kuma a 1929. Masana'antu suka karɓe sana'ar, shagunan masassaƙa suka yi ta rufewa.

Sai dai aikin gida bai mutu ba. A 1959, injiniya Karsten Solheim ya fara ƙera sandunan Ping a garejin gidansa da ke Kalifoniya. A yau, sauya robar mariƙi da manne kan sanda su ne ragowar wancan gado. Wanda ya iya su, ba kowace lalacewa ce ke tura shi kasuwa ba.