Mudu Biyu, Hatsi Ɗaya: Tarihin Tagwayen Gwajin Ƙwaƙwalwar Dattijai



Mu ɗauka an kai wani dattijo daga Babban Giji wurin likita, saboda iyalinsa sun lura yana maimaita tambaya guda sau uku kafin azahar. Likita ya karanta masa kalmomi goma, ya ce ya faɗi waɗanda ya riƙe, ya kawo biyar. Bayan wata shida aka koma, aka sake karanta masa kalmomin nan, ya kawo bakwai. To, sauƙi ya samu, ko kuwa sabawa ya yi da kalmomin? In kuma an sake masa wasu dabam ya kawo huɗu, ciwon ne ya ƙaru, ko sababbin kalmomin ne suka fi wuya? A kan amsar nan ake yanke shawarar magani, a kanta kuma iyali kan tsai da ko Baba zai ci gaba da riƙe shagonsa da kuɗinsa. Tarihin wannan tambaya shi ne abin da nake so mu duba yau.

Asalin Matsalar

A shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga littafinsa a kan yadda mutum ke riƙe abu da yadda yake mantawa. Ya lura cewa kalmomi ba su daidaita wajen sauƙin hadda ba, domin kowace tana da abin da take tuna wa mutum. Saboda haka ya ƙirƙiro gaɓoɓi marasa ma'ana kimanin 2,300, don kowane jeri da zai haddace ya yi nauyi ɗaya da ɗan'uwansa. A 1904 Charles Spearman na Ingila ya nuna cewa kowane awo yana ɗauke da kuskure, kuma ana iya kimanta kuskuren ta hanyar auna abu guda sau biyu a kwatanta. Daga nan aka sami lambar amincin gwaji, wadda ake lissafawa daga 0 zuwa 1. Gwargwadon kusancinta da 1, gwargwadon dacewar awon biyu. A 1906 kuwa Alois Alzheimer ya bayyana cutar da ake kira da sunansa, wadda ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Cuta mai tafiyar hawainiya ba a gane ta da awo ɗaya, sai an maimaita.

Zuwan Tagwaye

Maganin da masana suka samo shi ne su yi wa gwaji tagwaye, wato siga biyu ko fiye masu tsari ɗaya da tambayoyi dabam. A 1937 Lewis Terman da Maud Merrill na Jami'ar Stanford suka fitar da gwajin basira cikin siga biyu, L da M. A 1945 David Wechsler ya fitar da gwajinsa na ƙwaƙwalwa, aka kuma yi masa siga ta biyu a 1946. A 1991 Jason Brandt na Jami'ar Johns Hopkins ya tsara gwaji mai siga shida, kowace da kalmomi 12 daga rukuni uku, ana karanta su sau uku.

Yaya ake tabbatar da cewa tagwaye sun yi kama? Ana samun rukunin mutane, rabinsu su fara da siga ta ɗaya, rabi su fara da ta biyu, sa'an nan a musanya. Sharaɗi biyu ake nema: matsakaicin maki ya zo daidai, kuma wanda ya yi fice a siga ta ɗaya ya yi fice a ta biyu. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Tarauni ya san hikimar. In ka auna buhu da mudun wannan yau, gobe ka auna da mudun wancan, ka ga ya ragu, ba ka da hujjar zargin ɓera sai ka fara gwada mudun biyu.

Abin da bincike ya nuna shi ne, tagwaye suna rage tasirin sabo, amma ba sa kawar da shi. Mutum bai san sababbin kalmomin ba, amma ya san za a sake tambayarsa, ya kuma koyi dabarar haɗa kalmomi rukuni-rukuni.

Gwaji a Nijeriya

A 1992 aka soma wani babban bincike tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiana ta Amurka, ƙarƙashin Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie, tare da Adesola Ogunniyi da Kathleen Hall. An kwatanta Yarabawan unguwar Idikan da baƙaƙen fatan birnin Indianapolis, 'yan shekara 65 zuwa sama. Sakamakon 1995 ya nuna gigin tsufa ya kama kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, da kashi 8.24 a Indianapolis. A nan tagwayen harshe biyu ne, Yarabanci da Ingilishi, kuma darajar kwatancin ta dogara a kan daidaituwarsu. Ganin yawancin dattijan Ibadan ba su saba riƙe fensir ba, Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka bayyana wani gwaji a 2005, inda ake jera tsinken ashana huɗu maimakon zane a takarda. A 2011 Abdulkareem Jika Yusuf da abokansa suka buga binciken da suka yi wa dattijai 322 a Zariya da irin waɗannan ma'aunai, suka sami kusan kashi 3 cikin 100.

Abin da Ya Shafi Hausa

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana Gyadi-Gyadi kan titin Zariya, maƙwabcin Babban Giji ne, kuma likitan da aka horar a Kano da Hausa zai tambayi yawancin dattijan da za su zauna gabansa. To, Hausa tana da nata tarnaƙi. Na ɗaya, gajeriyar kalmar Ingilishi takan koma mai gaɓa uku bayan fassara, doguwar kalma kuwa ta fi wuyar riƙewa. Na biyu, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. In aka rubuta "gari", wani ma'aikaci zai karanta garin da ake zama, wani garin tuwo, ga gwaji ɗaya ya zama biyu ba da niyya ba. Na uku, karin harshe: abin da Bakano ke kira 'ya, Basakkwace ɗiya yake cewa. Na huɗu, dattijon da ya san yau goma ga Rajab bai ruɗe ba don ya kasa faɗin kwanan watan Bature.

Alarammominmu sun daɗe da sanin cewa ayoyi ba su daidaita wajen wuyar hadda ba, shi ya sa suka raya ilmin harji don kiyaye masu kama da juna. Irin wannan tsantseni ake bukata wajen zaɓen kalmomin gwaji.

Kammalawa

Shawarata uku ce. Masana Hausa da likitoci su zauna tare su tsara jerin kalmomi daga cikin harshen, su gwada tagwayen a kan dattijanmu kafin a amince da su. Likita ya riƙa rubuta sigar da ya yi amfani da ita a kowace ziyara. Iyali kuma kada su yanke wa Baba hukunci saboda bambancin maki ɗaya ko biyu, sai an haɗa da abin da suke gani a gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.